Tuƙar San Maƙwabci

Shekara goma sha huɗu na yi ina da kemis a Mubi kafin a kore mu daga garin, kuma duk tsawon shekarun nan ban taɓa yarda akwai ciwon da ya fi ƙarfin kafso ba. Kafson nan da kowa ya sani, mai kai ja da gindi ruwan ɗorawa. Mai gudawa ya zo, kafso. Mai ƙurji ya zo, kafso. Mace ta ce kajinta suna gyangyaɗi, in ce ta ɓare biyu ta zuba musu a ruwa. Dokta ake kirana tun daga bakin tasha har cikin unguwa, ni kuwa ina amsawa da ƙarfi, alhali iyakar karatuna sakandare ce da shekara uku ina tsaron kemis ɗin wani. A ilimina na lokacin, duk wani abu mai rai da ido ba ya gani ƙwayar cuta ce, kuma aikina in kashe ta.

Kakanninmu daga wajen Katsina suka zo, fatauci ya kawo su. Gidan da mahaifina ya gada a kudancin gari katanga ɗaya ce ta raba shi da na wani manomi ɗan asalin wurin, Kirista, wanda danginsa ke noma a Mugulbu. Baba muke kiransa, don ya girmi mahaifinmu da kaɗan. Na tashi na same su suna cin tuwo a kwano ɗaya a zaurenmu, suna musu a kan ruwan sama, kowa yana ce wa ɗan'uwansa bai san komai ba. Matar Baba ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa suna birane, sai shi da shanun nomansa guda biyu. Da mahaifinmu ya rasu, abin da ya rage wa mahaifiyata, Inna, wanda take kira nata na kanta, saniya ce guda, fara mai baƙin kunne. Ita ke tatsarta da hannunta, ita ke kafa kindirmonta.

Ranar da mutanen dajin nan suka shigo gari da bindigogi, da hantsi ne, dawa ta isa yanka. Ba wanda ya tsaya ɗaukar komai. Wani wuri in goya Inna, wani wuri ta taka da ƙafarta, matata tana jan yara, muka bi duwatsu ta wajen Maiha muna shan duk ruwan da muka samu, har Allah ya kai mu Yola. Saniyar a turke muka bar ta, da tsohon ciki. Inna ta yi ta kuka a hanya, kuma ba gidan take yi wa ba.

Ruwan hanyar nan ne ya ɓata mata ciki. Na ɗura mata kafso sati biyu, gudawar ta tsaya, ta dawo. Na canja wani mai ƙarfi. Ta sake dawowa, na haɗa mata iri biyu. Wata uku muna haka, har ya zama in ta ci tuwo ya wuce, in ta sha koko ya wuce. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Da aka ce sojoji sun karɓe Mubi, na yi niyyar in koma ni kaɗai in duba gida, amma Inna ta ce ko a makara sai an mai da ita ɗakinta. Na bar matata da yara a Yola tare da ƙanwata, muka taho mu biyu.

Ƙofarmu a ɓalle muka same ta. Katifu babu, keken ɗinkin matata babu, har labule an kwance. Kemis an share shi tas, sai kwali ɗaya na kafso da na ɓoye a silin ɗin ɗakina. Katangar da ke tsakaninmu da Baba ta zube a kusurwa, mutum yana iya tsallakawa. Na leƙa na ga ƙofar ɗakinsa lafiya lau, kwaɗo a rataye, ko ƙwarzane babu. Na daɗe a tsaye ina kallon kwaɗon nan.

Sai wanda ya zauna a Mubi a watannin nan zai gane abin da nake faɗa. Kowa yana kallon kowa ta gefen ido. Wa ya tsaya da muka gudu? Da ya tsaya, me ya ci? Wa ya nuna musu gidan wane? Sai ka ga tukunya a tsakar gidan mutum, ka yi ta tunanin inda ka santa. Gaisuwa ta gajarce. Mutumin da kuka yi shekara ashirin kuna sahu ɗaya a masallaci, in ya tambaye ka yaya iyali, sai ka tsaya kana auna abin da yake son ya sani.

Kwana huɗu da dawowarmu sai ga Baba ya shigo unguwa janye da sa guda, da saniyar Inna, da 'yar maraƙa tana tsalle a bayanta. Inna ta rungume wuyan saniyar tana kuka tana sa masa albarka.

"Na kai shi dutse, wajen 'yan'uwana," in ji Baba. Hausarsa irin ta Mubi ce, mace da namiji duk shi ne. "A can ya haihu. Sa nawa ɗaya sun ɗauka."

Ya kuma ciro wata 'yar gora ya miƙa wa Inna, ya ce kindirmo ne kaɗan, don ta samu na kafawa. Na yi masa godiya da baki. A zuciyata kuwa lissafi nake yi. Masu garke guda an kore musu, ba su tsira da ko bindi ba, amma tsoho ɗaya da sanda ya fita da dabba biyu? Ta wace hanya? Wa ya buɗe masa? Da ya tafi sai da na buɗe gorar na shinshina, na ɗanɗana a kan harshe, kafin na bar Inna ta taɓa. Ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka."

Da wannan ɗan kindirmon ta kafa sabo, kuma ikon Allah, shi ne abu na farko da cikinta ya riƙe a wata uku. Ta sha da safe, ta sha da yamma, gudawar ta fara ja da baya. Babu inda za a samu wani nono a unguwar, don matan Fulani ba su dawo da talla ba, kasuwar shanu kuma a rufe take. Ran Inna a jikin saniyar nan yake, ni ma na san haka.

Sanin hakan ne ya ja ni. Na dubi saniyar na ga ana ƙirga haƙarƙarinta, na ce tsohon nan ya bar ta da yunwa yana shan nononta. Akwai rabin buhun masara da ɓarayi suka yar a ɗakin ajiya. Na kai inji aka ɓarza, na haɗa da dusa da ragowar tuwo, na cika babban daro na tura mata. Dabbar da ta yi wata uku ba ta ci komai ba sai ciyawar dutse! Ta cinye tas, na ƙara mata, ina jin daɗi. Washegari ta tsaya cak, gefen cikinta na hagu ya kumbura, kashinta ruwa-ruwa mai warin tsami, kuma bakinta ya daina motsi. Saniya in ta ci ta kwanta, takan dawo da abincin daga tumbi zuwa baki ta sake taunawa, shi ne tuƙa. To, tuƙar ce ta tsaya. Inna ta dafa wuyanta ta daɗe tana jira, sannan ta ce, "In ba ta yi tuƙa ba, mutuwa za ta yi."

Na ce ta kwantar da hankalinta, ga Dokta a gida. Na sauko da kwalin nan, na ɓare kafso goma a kwalbar ruwa na ɗura mata, safe da yamma. Baba ya leƙo ta inda katanga ta zube ya ce, "Dokta, kar ka ba shi wannan." Na ce, "Baba, kowa da aikinsa, ni ban taɓa koya maka riƙon garma ba." Kwana uku ina ɗurawa. Kumburin ya ɗan sauka, amma ko kallon harawa ba ta yi, nonon ya koma ludayi biyu, maraƙar tana ta kuka.

Wallahi ko sau ɗaya ban zargi darona ba. Baba na zarga. Wata uku tana hannunsa lafiya, kwana goma a hannunmu ta kwanta? Ya saba da nonon, ya ƙyalla ido a kan maraƙar, ya yi mata wani abu don mu gaji mu ce ya zo ya ɗauke ta. Kuma ga shi yana hana ni ba ta magani. Duk inda na juya zancen, a kansa yake sauka.

Rana ta huɗu da safe, gari ya waye sosai, ina tsaye a bayan ɗaki sai na hango shi ta ɓarakar katangar. Sansa yana kwance yana tuƙa, shi kuma ya tsuguna a gefensa yana shafa masa wuya, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Na laɓe. Da wani dunƙule ya hauro ta maƙogwaron san, sai tsohon nan ya kama hancinsa da hannu ɗaya, ya zura ɗayan ta gefen baki, ya zaro wani abu kore jagab, ya jefa a ƙoƙo mai ruwa ya rufe da hularsa. Ya jira, ya sake. Sau uku. Sannan ya matse abin a tsumma ya tace cikin kwalba, ya toshe, ya cusa kwalbar a ƙarƙashin rigarsa. Ƙarƙashin riga fa! Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya tsallako cikin gidanmu ya nufi turken saniya.

Na yi tsalle na tare shi. "Baba, mene ne a rigarka?"

"Magani ne, ɗana. Cikin saniya ya mutu. Zan tayar."

Na fizge kwalbar na buɗe. Kai! Warin da ya buge ni har yau ina jinsa. Na ce, "Aman sa za ka ɗura wa saniyar uwata? Wannan ne ka daɗe kana ba ta?" Na tuntsurar da ruwan a ƙasa, na jefa kwalbar ta bugi katanga. Na ce in ya sake tako gidan nan sai ya gane ni ba mahaifina ba ne. Inna ta ɗago murya daga ɗaki, "Kai! Ubanka ne fa kake yi wa tsawa!" Baba ya sunkuya ya ɗauki kwalbarsa, ya duba ko ta fashe, ya ce, "Gobe zan kawo wani," ya tsallaka.

Wannan kalma ta "gobe" ita ta ƙarasa harzuƙa ni. Da la'asar na fita bakin hanya, gindin dalbejiyar da 'yan banga suke zama suna duba masu shiga da fita. Mun saba, don ina ba su maganin ciwon jiki kyauta. Shugabansu ya ce, "Dokta, yaya saniyar Inna?" Daga baya na yi ta gaya wa kaina cewa ai ban ce komai ba. Ga abin da na ce: "Ni dai ban ce komai ba. Amma ku tambayi tsohon nan yadda aka kore shanun gari aka bar nasa, aka fasa gidan kowa aka tsallake nasa. Yanzu kuma har haɗe-haɗe yake shigo mana da su a ƙarƙashin riga." Suka dubi juna. Ni na san me irin wannan magana take jawowa a lokacin, ba yaro ba ne ni.

Da safe suka zo da a-kori-kura. Suka same shi tsugune gaban sansa, hannunsa kore har wuyan hannu, ƙoƙon a rufe da hula. Alkawarin goben yake cikawa. Suka ɗaga shi haka nan, ko hular ba su bar shi ya ɗauka ba. Da za a fita da shi ya juyo ya dube ni ta ɓarakar katanga, sau ɗaya. Ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji. Na ce yau dai za a san gaskiya.

Da hantsi ƙanwata ta kira daga Yola. Ita ta karanta lafiyar dabbobi, amma ni a lokacin ban ɗauki karatunta a bakin komai ba, yarinyar da na goya. Na buɗe muryar waya don Inna ta ji, na ba ta labarin saniya da kwalbar Baba, ina jiran ta yaba mini. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Yaya, me ka ba ta kafin ta kwanta?"

Na gaya mata. Ta ce, "Daro biyu? Sannan kafso ta baki? Inna lillahi! Yaya, kai ka kwantar da ita."

Na ce ta iya bakinta. Ba ta iya ba. Ta ce tumbin saniya ba buhu ba ne da ake zuba abinci kawai. Cike yake da ƙananan halittu masu rai, iri-iri, waɗanda ido ba ya gani, kuma su ne suke narkar mata da ciyawa, don ita da kanta ba ta iya narkar da ko kara ɗaya. Hatsin da na cika ta da shi farat ɗaya ya yi tsami a ciki ya hallaka yawancinsu, kafsona kuma ya bi sauran ya ƙarasa. Yanzu ko ta ci, babu mai yi mata aikin. Abin da Baba ya zaro daga bakin sansa yana ɗauke da irin halittun nan da ransu, in aka ɗura mata sai su hayayyafa su cika tumbin. Ta ce dole ne a kai shi da ɗuminsa, kada iska ta buge shi, shi ya sa ya rufe da hula, shi ya sa ya sa a riga. "Mu a makaranta aka koya mana," in ji ta, "shi kuma a gona ya gada."

Ka san me na fara ce mata? Na ce, "Wa ya kira ki ya tsara miki wannan?" Har ita na zarga.

Ta ce, "Haba Yaya! Kuma mutum ma yana da nasa a hanji. Ba duk abin da ke cikin mutum ne abokin gaba ba. Wata nawa ka yi kana ɗura wa Inna kafso? Ka taɓa tambayar kanka me ya sa kindirmo ne kaɗai ya zauna mata?"

Inna tana kwance a tabarma, ta ce a hankali, "Ai ni na gane. Madara ma in ba a zuba mata na jiya ba, ba ta kafuwa, lalacewa take yi." Ƙanwata ta ce to a kira Baba yanzu-yanzu ya sake yi. Inna ta ce ai 'yan banga sun tafi da shi da safe, ba a san wanda ya kai sunansa ba. Na dubi ƙasa. Inna ta ɗago kai ta dube ni, kuma ba sai da na faɗa ba. Ta juya fuskarta bango.

A duk unguwar babu wata dabba mai tuƙa sai san Baba. Na tsallaka katangar da na hana shi tsallakawa, na kai wa san harawa da ruwa, don tun safe ba wanda ya kula shi. Ya ci, ya kwanta, ya fara tuƙa. Ina matsowa ya daina. In ja da baya ya ci gaba, in matso ya daina, yana kallona da manyan idanun nan. Na yi awa biyu a rana ina wannan wauta. Da na samu na cafke hancinsa, kafin hannuna ya shiga ya haɗiye. A karo na uku haushi ya ɗebe ni na zura hannu har ciki. Ban san cewa bayan dadashin nan na gaba akwai turamen haƙori masu niƙa kara ba. Ya haɗa su a kan yatsuna biyu. Na yi ihun da ya fito da matan maƙwabta, na zaro hannu jina-jina, babu ko ɗigon tuƙa. Farcen ɗaya har yau a karkace yake fitowa.

Inna ba ta ce mini sannu ba. Ta ɗauki sandarta da mayafinta ta ce in wuce gaba. Matar da ba ta iya zuwa bayan gida sai an riƙe ta, ta taka har ƙofar mai unguwa, tana hutawa a kowace kwana. A gaban mutane ta ce in faɗa da bakina. Na faɗa. Na ce ban ga komai ba, ban ji komai ba, zato ne kawai da baƙin rai. Wani dattijo ya ce, "Dokta, gidan tsohon nan me ke ciki da za a fasa? Tabarma da garma?" Aka aika Mugulbu, 'yan'uwansa suka zo suka shaida cewa tun ranar farko yana tare da su, ta cikin mayo, wato rafi, ya bi da dabbobin, yana ɓuya a ciyawa. Duk da haka sai da ya kwana biyu a hannu, don shigar da mutum ya fi fitar da shi sauƙi.

A kwana biyun nan saniyar ta kwanta, idanunta suka faɗa, hancinta ya bushe. Nonon bai fi cokali uku ba. Inna takan zuba shi a kan ɗan ragowar kindirmonta don kada irin ya mutu, ita kuwa ta koma koko, gudawar ta dawo. In shiga ɗaki in ga uwata, in fito in ga saniya. Na ɗauki kwalin kafson na mayar silin, na rasa abin da zan yi da hannuwana.

Rana ta uku da hantsi Baba ya dawo. A hankali yake takawa, ido ɗaya a kumbure, kansa babu hula. Bai shiga ɗaki ba, bai nemi ruwa ba. Ya leƙa ta katanga ya dubi saniyar, sannan ya je ya tsuguna gaban sansa yana shafa shi. Dabbar da ta hana ni ko matsowa, ta miƙa masa wuya. Da ya gama tacewa ya tsallako da kwalbar a riga, ya wuce ni kamar turke, ya gaida Inna daga bakin ƙofa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Riƙe kansa." Na riƙe da hannuna mai lafiya, ya ɗura a hankali ta gefen baki. Ya ce a jiƙa 'yar kanwa a ruwan shanta, kada a ba ta komai sai busasshiyar harawa. Na ce to. Da ya ce in ci ƙasa ma da na ce to.

Safe da yamma yake zuwa. Rana ta farko babu komai. Ta biyu ta shinshina harawar ta ja ɗan kaɗan. Ni kuwa, don a san irin halina, har a lokacin wani abu a raina yana cewa in ta mutu fa, wa ya san abin da ya ƙara a kwalbar don ramuwa? Rana ta huɗu da hantsi ina zaune a kan turmi ina kallonta, sai na ga wani dunƙule ya hauro ta maƙogwaronta. Muƙamuƙinta ya karkata gefe, ya dawo, ya sake karkatawa. Na ƙwala wa Inna kira. Ta rarrafo bakin ƙofa, ta gani, ta yi wata 'yar guɗa da ba ta fi kukan kaza ƙarfi ba. Ni kuwa na sa kai a gwiwa na yi kuka sosai, da girmana da gemuna.

Nonon ya dawo a hankali, sai da aka yi kusan sati biyu kafin ya cika ƙwarya. Inna ta kafa shi da irin nan da ta yi ta rayawa da cokali uku-uku. Da safe ta buɗe, ya kafu da kyau, fari sol. Ba ta ɗanɗana ba. Ta rufe da sabon faifai ta ce, "Na farko na Baba ne. Ka kai masa, kuma ta ƙofa za ka bi."

Na zagaya ta ƙofa na yi sallama. Yana zaune a kan kututture yana gyaran igiya, kumburin idon ya sauka, ya bar baƙi. Na durƙusa na ajiye ƙwaryar a gabansa. Na ce, "Baba, na cuce ka. Ka yafe mini don Allah, don zaman da ka yi da mahaifina."

"Na yafe, Dokta," in ji shi. Kuma na yarda da gaske yake.

Na tura ƙwaryar kusa da ƙafarsa. Na ce Inna ce ta aiko, na farko ne, ita ma ba ta sha ba. Ya dubi faifan ya daɗe. Mutumin da ya yi shekara talatin yana cin tuwo a kwano ɗaya da ubana, wanda ya san ɗanɗanon miyar Inna fiye da ni.

"Kai wa Inna," ya ce. "Shi ne ba lafiya."

Na ce akwai wani a gida, ko ludayi ɗaya ya sha don ta ji daɗi. Ya ajiye igiyar, ya dube ni sosai, karo na farko tun ranar da aka tafi da shi.

"Ɗana, da can zan sha. Yanzu in na ga ka riƙe abu a rufe, cikina ba ya yarda."

Na ɗauko ƙwaryar na dawo da ita a cike. Inna ta ɗaga faifan, ta duba, ta mayar ta rufe. Washegari da safe na ji ana kwaɓa ƙasa a bayan ɗaki. Na fita na ga Baba ne, shi kaɗai, yana gina kusurwar katangar da ta zube.